Alhassan Ɗantata: Falken da jirgin ƙasa ya tarar a shirye

Ba don gyaɗa Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa layin dogo zuwa Kano ba. Auduga suke kwaɗayi, saboda masaƙun Ingila. Amma da layin ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai manoma suka auna farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda ko ba ta sayu ba za a ci. Cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi akwai wani falken goro, Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta yi ƙaura zuwa Akara, ta bar shi a hannun wata baiwa mai suna Tata. Sunanta ne yau ke manne a jikin kamfanoni da tituna. A lokacin Yaƙin Basasa na Kano, wanda ya ɓarke a 1893, an kama shi aka bautar da shi kafin ya kuɓuta.

Daga nan ya bi sawun iyayensa zuwa Gwanja. Bai tsaya ga ayarin jakuna ba: yana cikin fataken farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yau zuwa Legas. Saboda haka da jirgin ƙasa ya zo, ya tarar da mutumin da ya riga ya san lissafin sufuri, yana da jari, yana kuma da yara a ƙauyuka. A 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Niger Company. Yakan ba dillalansa kuɗi tun kafin kaka, su kuma su bi manoma har gida. Lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai masa ajiyar kuɗin azurfa.

Sai dai labarin dalar gyaɗa yakan manta da wanda ya ɗauki nauyin. Dogo bai taɓa ratsa Gwarzo ko Kabo ba. Ɗaya layin ya bi ta Madobi zuwa Zariya, ɗayan ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda. Manomin yammacin Kano jaki yake ɗora wa buhu, kuma ba shi ke yanka farashi ba. Haka raken fadamun Kano da Zariya bai samu wata babbar masana'anta a bakin dogo ba. Ya ƙare a matsar doki, ana dafa mazarƙwaila, alhali taragon da ya sauke gyaɗa a Legas yana komowa da kayan Turai, har da farin sukari.

Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, shi ke da babbar matatar sukari ta Apapa, a bakin tashar jiragen ruwan Legas. Yawancin ɗanyen sukarin da take tacewa daga Brazil ake shigo da shi, kuma manyan motoci ne ke hauro da shi Kano.