Gene Ammons: Mai busa saksofon da faifansa suka yi ta fita yana kurkuku

Tsakanin 1962 da 1969, masu sayen faifai a Amurka ba su daina cin karo da sabbin kundayen Gene Ammons a kantuna ba, alhali mai busar yana tsare a gidan yarin jihar Illinois.

An haife shi a birnin Shikago ranar 14 ga Afrilun 1925. Kiɗa gadonsa ne, don mahaifinsa Albert Ammons shahararren mai kaɗa fiyano ne. Shi kuwa ɗan sai ya ɗauki saksofon, abin busa na ƙarfe mai lanƙwasa, ya zaɓi mai kakkaurar murya. A 1944, yana ɗan shekara 19, ya shiga ƙungiyar mawaƙi Billy Eckstine, daga bisani ya haɗa gwiwa da Sonny Stitt, suna gasar busa a dandali kamar 'yan dambe.

Ammons ba mai gaggawa ba ne. Yayin da tsararrakinsa ke rige-rigen saurin yatsu, shi sai ya ja sauti guda ya cika ɗaki da shi. Ya cuɗa jaz da kiɗan bulus da amon waƙoƙin cocin baƙar fata, salon da aka sa wa suna soul-jazz. Masu sharhi da dama sun ɗauki salon a matsayin kiɗan mashaya, amma talakawan unguwannin baƙar fata su suka riƙa sayen faifan, kuma kunnensu bai yaudare su ba.

Abin da ya karya shi hodar hiroyin ce. An fara ɗaure shi daga 1958 zuwa 1960. Da fitowarsa ya naɗi Boss Tenor, kundin da har yau ake fara ambata in an zo maganarsa. Cikin shekara biyu ya yi ta naɗar kiɗa babu ƙaƙƙautawa, har da wanda ya yi da mai kaɗa ogan Jack McDuff. Sai aka sake kama shi. Kamfanin Prestige ya riƙa fitar da abin da ya tara sannu a hankali, shi ya sa sunansa bai ɓace ba.

Ya fito a 1969 ya tarar kiɗa ya sauya, kayan lantarki da salon fonk sun mamaye kasuwa. Bai tsaya kukan zamani ba, ya shiga cikinsu da kundin The Boss Is Back!

Shekara biyar kacal ya samu bayan haka. A watan Maris na 1974 ya yi naɗinsa na ƙarshe, wanda aka fitar da sunan Goodbye, wato ban kwana. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Shikago ranar 6 ga Agustan shekarar, yana da shekara 49.