Polly Hill: Baturiyar da ta nuna yadda talauci ke hana manomi noma

An haifi Polly Hill a Cambridge da ke Ingila a 1914, a gidan masana. Mahaifinta, A. V. Hill, ya sami kyautar Nobel, kawunta kuma shi ne shahararren masanin tattalin arziki John Maynard Keynes. Ita ma fannin ta karanta, amma sunanta ya fito ne daga zama cikin manoma, da farko a yankin koko na Ghana, daga baya a ƙasar Hausa.

A 1967 ta sauka Batagarawa, kusa da birnin Katsina. A lokacin, masu tsara manufofi na ɗaukar mutanen karkara tamkar duk ɗaya suke a talauci. Ita kuwa ta bi gidajen noma 171, ta kasa su gida huɗu bisa ƙarfinsu na jure shekarar da amfanin gona ya gaza. Sai tazara mai faɗi ta bayyana.

Mai ƙaramin ƙarfi yakan sayar da hatsinsa da kaka cikin araha don biyan bashi, ya dawo ya saya da tsada da damina. Yunwa ta tura shi ƙwadago a gonar mai hali, tasa gonar ciyawa ta cinye ta. Ba shi da kuɗin taki, ƙarshe ya jinginar da gonar ko ya sayar. Ta kuma bayyana kasuwancin da matan kulle ke gudanarwa a cikin gidaje, wanda alƙaluman hukuma ba sa gani.

Wannan bincike ne ya zama littafinta Rural Hausa na 1972. Aikinta a Ɗorayi, gefen Kano, inda cunkoso ya ƙuntata gonaki, ya fito a 1977. A 1986 ta wallafa suka mai zafi kan masanan da ke tsara cigaba da alƙaluman da ba su tantance ba. Ta rasu a 2005.

Darasinta bai tsufa ba ga garuruwan noman gero da dawa irin su Kanya Babba a ƙaramar hukumar Ɓaɓura. Duk rabon taki ko rance da ya ɗauka manoma daidai suke, zai fi amfanar mai rumbu cike, ya tsallake wanda ke gonar wani yana neman abincin dare.