Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

Da aka ce in kawo wani abu saboda bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu, sai na zaɓi tarihin Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda na fara jin labarinta a ajin yaƙi da jahilci. Ni da na kai shekara arba'in ina zana bashin masu sayen hatsi da gawayi a bango, yau ga ni riƙe da biro, ai dole in tuna da ita.

An haife ta a Degel a 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana da wajen shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya tashi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Ta ga yunwa, ta ga an bar gida ba shiri, ta ga mata birjik cikin takaba. Duk da haka ba ta aje allo ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Gidado ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta haihu, ta riƙe gida, kuma yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana jin shawararta.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabararta. Ta lura matan ƙauye da waɗanda yaƙi ya watsa ba su da hanyar zuwa gaban malami, ga aure, ga raino, ga daka. To sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali da amana, ta karantar da su, ta naɗa kowacce jaji, ta sa mata malfa da jan rawani don a san aikinta. Jaji kan taso daga ƙauyensu da tsofaffi da 'yan mata, su yi tafiyar ƙafa har wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su koya wa matan aure a cikin gidajensu. Su ake kira 'Yan Taru. Karatun a waƙe ta tsara shi, don wadda ba ta san baƙi ba ta haddace tana kaɗi ko niƙa. A ciki akwai tsarki da salla, tarihin Annabi (SAW), da gaskiya a mu'amala.

Kuma ba hannu sake suke zuwa ba. Kowacce da ɗan abin da ta samu, hatsi, zuma, man shanu ko zare, Nana ta raba wa mabuƙata. Kun ga kenan tarawa da taimakon juna irin namu ba yau aka fara ba.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare, Sakkwato. Ta bar rubuce-rubuce wajen 60, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

'Yan uwa, mu ma mun san tashin hankali. Ba mu manta daren da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Kankara a Disambar 2020 ba, ko lokacin da aka yanke layin waya a Faskari da Sabuwa da nan Kankara a 2021, ciniki ya tsaya. Tun daga nan wasu suka cire ɗiyansu mata daga makaranta, suka ɗora masu talla, wai sai ƙura ta lafa. Ban ga laifin uwa mai tsoro ba, wallahi ni ma na ji shi. Amma Nana a cikin yaƙi ta yi karatu, kuma ba ta jira komai ya daidaita ba kafin ta karantar.

Roƙona ɗaya ne. Duk wadda ta iya karatu da lissafi a cikinmu ta zama jajin unguwarsu. Ranar zubin adashi mu ware rabin awa, a koya wa wadda ba ta iya ba rubuta sunanta da duba littafin kuɗinta da kanta.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya ba mu zaman lafiya, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka. Amin.