Laftanar-Kanar Grissom, Akawun Soja Da Ya Zama Ɗan Sama Jannati

Da yawa cikin masu karatunmu sun san labarin kumbo Apollo 11, wanda ya sauke mutane a kan wata cikin 1969, har marigayi Mamman Shata ya yi masa waƙa. Amma kaɗan ne suka san Virgil Grissom, hafsan mayaƙan saman Amurka, wanda ya rasa ransa wajen share hanyar wannan tafiya. Tarihinsa za mu kawo muku yau.

An haife shi ran 3 ga Afrilu, 1926, a wani ɗan gari mai suna Mitchell cikin jihar Indiyana. Ubansa ma'aikacin reluwe ne. Cikin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Hitila, ya shiga soja da nufin koyon tuƙin jirgin sama, amma kafin layi ya zo kansa yaƙi ya ƙare. Aikin akawu aka sa shi, har aka sallame shi a ƙarshen 1945. Akawunanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum sai su lura, daga kan irin teburinsu mutumin nan ya tashi.

Bai yi zuciya ba. Ya shiga jami'ar Purdue ya koyi aikin injiniya, yana soye-soye a gidan abinci, matarsa kuwa tana aiki a ofishin tarho, da haka suka riƙe kansu har ya gama cikin 1950. Ya koma soja, ya sami shaidar matuƙi cikin Maris, 1951. Shekara na kewayowa aka tura shi yaƙin Koriya, inda ya fita fagen fama sau 100 da jirgin F-86. Aikinsa shi ne ya tsare wa jagoran ayari baya, saboda haka bai kakkaɓo jirgin abokan gaba ko ɗaya ba, amma ya sami lambar girma. Ya nemi a ƙara masa fita 25, aka ƙi. Daga nan ya koyar da sababbin matuƙa a Texas, kana ya zama mai gwada sababbin jiragen yaƙi, watau aikin da ko cikin mayaƙan sama sai mai ƙarfin hali.

Cikin Afrilu, 1959, aka zaɓe shi cikin mutum 7 na farko da Amurka za ta aika sama jannati. Mu ma a Arewa muna da hannu cikin al'amarin, domin a Kano aka kafa ɗaya daga cikin tashoshin da suka riƙa bin sawun kumbunan idan sun zo ratsa sararin Afirka.

Ran 21 ga Yuli, 1961, aka harba shi. Ya yi sama mil 118, kaɗan ya rage ya kai nisan Sakkwato zuwa Gusau, ya faɗo cikin tekun Atlantika bayan kamar minti 15. To, a nan ne tsautsayi ya afka masa. An ɗaura wa ƙofar kumbon nakiya don ta ɓalle nan take in an shiga haɗari. Yana zaune yana jiran jirgi mai saukar ungulu, sai ƙofar ta tashi, ruwa ya kwararo ciki. Ya yi tsalle ya fita, rigarsa ta fara shan ruwa, masu ceto kuwa hankalinsu na kan kumbon, suna tsammani shi lafiya yake. Da ƙyar aka tsamo shi, kumbon ya nutse.

Nan fa surutu ya tashi, wai tsoro ne ya kama shi ya bugi makunnin. Shi kuwa ya tsaya a kan bai taɓa kome ba, bincike kuma bai same shi da laifi ba. Cikin Oktoba, 1962, abokin aikinsa Walter Schirra ya bugi irin wannan makunni da gangan, ya ji ciwo a hannu. Likitoci ba su ga irin wannan rauni a jikin Grissom ba. A ganinmu, mutumin da ya shiga wuta sau 100 har ya nemi ƙari, ba ƙaramin zalunci ba ne a kira shi matsoraci. Shugabanninsa ma haka suka gani, domin shi suka ba jagorancin kumbo Gemini 3, wanda ya kewaya duniya sau 3 ran 23 ga Maris, 1965.

Shi aka sake zaɓa ya jagoranci Apollo na farko. Ran 27 ga Janairu, 1967, suna gwaji a ƙasa, a Cape Kennedy, shi da Edward White da Roger Chaffee, an cika kumbon da iskar oksijin zalla, sai wuta ta tashi. Wannan karon ƙofar ba ta da nakiya, ta ciki kuma ake jawo ta, ƙarfin iskar da ta kumbura ya danne ta. Kafin a buɗe, hayaƙi ya gama da su duka ukun. Grissom yana da shekara 40, ya bar mata da 'ya'ya maza biyu. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Bayan wannan aka sake fasalin ƙofar, ta koma buɗewa ta waje cikin 'yan daƙiƙu, da irinta kuma aka je wata. Kumbon nan nasa da ya nutse kuwa, sai cikin Yuli, 1999, aka tsamo shi daga zurfin kusan mil 3, aka kai shi wani gidan tarihi a jihar Kansas.