Alois Alzheimer

Alois Alzheimer (14 ga Yuni 1864 – 19 ga Disamba 1915) likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Jamus, wanda aka laƙaba wa cutar mantuwa ta Alzheimer sunansa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Marktbreit da ke yankin Bavaria. Ya karanci likitanci a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg. A 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt, inda shi da abokin aikinsa Franz Nissl suka duƙufa kan nazarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da madubin likita.

Bincike kan cutar mantuwa

A watan Nuwamba 1901 aka kwantar da wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a asibitin. Mantuwarta ta yi tsanani, tana musanya kalmomi idan tana magana, rubuta sunanta ma yana gagararta. Shekarunta ne suka ɗaure wa Alzheimer kai, domin a lokacin ana ɗaukar irin wannan ruɗewa a matsayin abin da tsufa kaɗai ke kawowa.

A 1903 ya koma Munich ƙarƙashin Emil Kraepelin, amma bai daina bibiyar halin da take ciki ba. Da ta rasu a watan Afrilu 1906, aka aika masa da ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta motse, da wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da zare-zare a harhaɗe cikin ƙwayoyin kansu. Har yau da waɗannan alamomi biyu ake tabbatar da cutar.

Ya gabatar da sakamakon a taron likitoci a Tübingen a watan Nuwamba 1906, amma ko tambaya ɗaya ba a yi masa ba. Kraepelin ne ya sa wa cutar sunansa a littafinsa na 1910. Wani likita a Prague, Oskar Fischer, shi ma ya bayyana dunƙule-dunƙulen a 1907, kuma a marasa lafiya da yawa, sai dai ba kasafai ake tunawa da shi ba.

Rasuwa

A 1912 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Breslau, birnin da yanzu ake kira Wrocław a ƙasar Poland. Ya kamu da rashin lafiya a hanyarsa ta zuwa can, bai kuma ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu yana da shekara 51, aka binne shi a Frankfurt kusa da matarsa Cecilie, wadda ta rasu tun 1901.