Lutfiyya An-Nadi: Mai Amsa Waya Da Ta Zama Matuƙiyar Jirgin Sama

'Yan'uwa mata, idan ana maganar matan Masar da suka yi fice, galibi hankalinmu yana tafiya ne ga malamai da marubuta. To yau ga wata da ta bi wata hanyar daban, wato Lutfiyya An-Nadi, mace ta farko a ƙasar Masar, kai har ma a duk ƙasashen Larabawa, da ta sami lasisin tuƙa jirgin sama. Ta same shi ne ran 27 ga Satumba, 1933, tana gab da cika shekara 26 da haihuwa.

An haife ta a birnin Alƙahira ran 29 ga Oktoba, 1907. Mahaifinta ma'aikaci ne a maɗaba'ar gwamnati, mutum mai rufin asiri, sai dai ra'ayinsa irin na iyayen wancan lokaci ne. A ganinsa idan yarinya ta gama firamare ai shi ke nan, sai ta zauna gida ta jira miji. Mahaifiyarta ce ta tsaya kai da fata sai da aka sa ta a makarantar 'yanmata ta Amurkawa da ke Alƙahira, inda ake koyar da harsuna da darussan zamani. Ku riƙe wannan uwa a ranku, domin ba don ita ba da labarin ya tsaya a nan.

A shekarun nan jirgin sama sabon abu ne a ko'ina. Mu ma nan ƙasar, jiragen farko da suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarki Usman, daga Masar ɗin suka taso, jirage uku na sojan Ingila. Amma fa duk Turawa ne ke tuƙi, 'yan ƙasa sai kallo. Wannan ya sa da wani saurayi Bamisire mai suna Muhammad Sidƙi ya tuƙo ɗan ƙaramin jirginsa tun daga Balin ta Jamus ya sauka Alƙahira a watan Janairun 1930, garin ya ɗauka baki ɗaya. A 1932 sai aka kafa kamfanin jiragen sama na Masar, da hannun bankin da Tal'at Harb ya kafa, aka kuma buɗe makarantar koyon tuƙi a filin jirgin Almaza, bayan gari.

A jarida Lutfiyya ta ga labarin makarantar. Abin ya shiga ranta, amma matsaloli biyu suka tare mata hanya. Na farko kuɗi, don koyon tuƙin jirgi da tsada yake tun asali, ana biyan fetur da lokacin malami da na jirgin kansa, ita kuwa ko sisi ba ta da shi. Na biyu mahaifinta, wanda ta tabbata ba zai ko saurare ta ba.

Ta yi ta maza ta je wajen Kamal Alwi, shugaban kamfanin. Mutumin nan bai kore ta ba. Gaskiya ba don tausayi kaɗai ba ne, ya hango cewa idan aka ga mace tana tuƙa jirgi, sunan kamfaninsa zai shiga kowane gida, masu tsoron hawa kuma za su ji kunya. Sai aka yi yarjejeniya: za ta riƙa aikin sakatariya da amsa wayar tarho a makarantar, ladan aikin kuma ya zama kuɗin karatunta. Haka aka kashe matsalar kuɗi.

Ta mahaifin kuwa, sai ta ce masa tana zuwa wani zaman bitar karatu ne sau biyu a mako. Nan fa ba zan yi mata ado ba, ɓoye wa uba irin wannan al'amari ba abin koyi ba ne, balle al'amarin da ake iya rasa rai a cikinsa. Ku duba a ce jirgin ya faɗo da ita, da wane baki za a je a gaya wa dattijon nan? Amma kuma duk uban da ya rufe ƙofar magana har 'yarsa mai shekara 25 ta kasa kawo masa buri mai tsabta irin wannan, shi ma yana da nasa kason a cikin laifin.

Bari mu ɗan leƙa irin jirgin da ake koyo da shi, don kada a zaci irin wanda ke kwasar alhazai ne. Sunansa Gipsy Moth, ƙirar Ingila, kuma da katako da yadi aka yi mafi yawan jikinsa. Fukafukansa hawa biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an ɗaure su da wayoyi. Kujeru biyu ne kacal, gaba da baya, ba rufi, iska na dukan mutum kai tsaye, shi ya sa ake sa hular fata da tabarau. Ba a tayar da injin da makulli, sai wani ya tsaya gaba ya juya farfela da hannu, ya yi maza ya ja baya. Malami da ɗalibi kowa yana da sandar tuƙi a gabansa da abin takawa na ƙafa, a haɗe suke, in ɗaya ya motsa ɗayan ma ya motsa. Magana kuwa ta cikin wata roba ake yi, mai zuwa har kunne, saboda ƙarar inji.

Da farko malami ne ke tuƙi, ɗalibi ya ɗora hannu kawai yana jin yadda sandar ke tafiya. Daga nan a koya masa tafiya miƙe ba hawa ba gangara, sai juyawa, sai abin da zai yi idan gudun jirgi ya ragu har fukafukai suka daina ɗaukarsa ya fara nutsawa. Abin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne sauka. Tashi kam da sauƙi, in an ba shi wuta jirgi da kansa yake son tashi. Amma dawo da shi ƙasa a hankali, a daidai wurin da ake so, ga iska na turawa ta gefe, ga jirgin ba shi da birki, wannan sai an yi ta maimaitawa. Ranar da malami ya gamsu sai ya sauko ya bar ɗalibi ya tashi shi kaɗai. A jarrabawar lasisi ta wancan zamani akan sa mutum ya yi ta kewaya alamu biyu a siffar lamba 8, sannan ya rage wutar inji ya sulalo ya sauka kusa da inda aka yi masa alama. Lutfiyya ta gama duk wannan cikin kwana 67, ga kuma aikin waya a wuyanta. Yau ma dai matakan ba su canja sosai ba. A makarantu irin ta Zariya da aka kafa a 1964, sai ɗalibi ya ci gwajin likita da jarrabawar takarda, ya kuma tara aƙalla awa 40 a sama kafin a ba shi lasisin farko.

Labarin irin wannan ba ya ɓoyuwa. Jaridu suka buga hotonta, asiri ya tonu, mahaifinta ya fusata ƙwarai. Amma da ya ga yadda ƙasa ta ɗauki abin, ana yabo ana alfahari, sai zuciyarsa ta yi sanyi. Ƙarshe dai dattijon da ya ƙi a yi mata sakandare shi ne ya shiga jirgi, 'yarsa na riƙe da sanda, ta kewaya da shi ta saman dalar Giza ta sauke shi lafiya.

Ko wata uku ba a yi ba, ran 19 ga Disamba, 1933, ta shiga gasar tseren jirage ta ƙasa da ƙasa tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. Tana gudun kusan mil 100 a awa, kuma ita ta fara isa. Sai dai alƙalai suka hana ta kambun, domin akwai tantuna biyu da aka kafa a tsakiyar hanya da dole kowane jirgi ya bi ta kansu, ita kuwa ta tsallake ɗaya. Duk da haka an ba ta fam 200 na Masar, Sarki Fu'ad kuma ya taya ta murna. Huda Sha'arawi, shugabar ƙungiyar matan Masar, ta aika mata da gaisuwa, sannan ta jagoranci tara kuɗi don a saya mata jirgin kanta.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ke yawo, wai ita ce mace ta biyu a duniya da ta tuƙa jirgi ita kaɗai. Ba haka ba ne. Tun 1910 wata Bafaransiya ta sami lasisi, a 1930 kuma Amy Johnson ta tuƙa irin wannan jirgin na Gipsy Moth ita kaɗai daga Ingila har Ostareliya. Abin da Lutfiyya ta yi ya isa, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Shekarunta a sama ba su yi yawa ba, kimanin biyar ne. Ta yi haɗari da ya taɓa mata ƙashin baya, dole ta haƙura da tuƙi. Ta riƙe muƙamin sakatariyar kulob ɗin matuƙa na Masar, kuma cikin shekaru goman da suka biyo bayan lasisinta wasu 'yanmatan Masar sun bi sawunta, har aka sami Linda Mas'ud da ta zama mai koyar da tuƙin. Daga baya neman magani ya kai ta Suwizalan, inda ta zauna shekaru masu yawa. A 1989 aka gayyato ta Alƙahira aka karrama ta a bikin tunawa da fara sufurin jiragen sama na ƙasar, a 1996 kuma aka yi fim na tarihin rayuwarta.

Ba ta yi aure ba. Da tsufa ya kama ta sai ta koma Toronto ta ƙasar Kanada wajen wani ɗan ɗan'uwanta, daga bisani ta dawo gida Alƙahira, inda ta rasu a 2002 tana da shekara sama da 90. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata.