Babban Gwani Mika'ilu: Maginin da ya mayar da laka abin alfahari

A tarihin gine-ginen ƙasar Hausa babu sunan da ya kai na Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, amma aka fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Ya rayu a birnin Zariya a ƙarni na 19, kuma shi ne shugaban maginan Zazzau a zamaninsa.

Aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Lokaci ne da Daular Usmaniyya ta zauna da gindinta, sarakuna suka himmatu wajen gina masallatai da fadoji.

Kayan aikinsa ba su wuce abin da kowane magini ke da shi ba: tubali, da laka, da azara ta itacen giginya. Azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta yi yawa, shi ya sa ɗakunan da ke kasancewa ƙanana. Babban Gwani ya gwanance wajen jera guntayen azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure su a lulluɓe da laka, har su haɗu a sama su zama bakan gizo. A kan waɗannan bakuna da manyan ginshiƙai ya ɗora tulluwar masallacin, aka sami fili mai faɗi da tsawo wanda ba a saba gani ba.

Bai tsaya ga ƙarfin gini kaɗai ba. Da yake Musulunci bai yarda da siffar mutum ko dabba a wurin ibada ba, sai ya zuba basirarsa a jikin ginshiƙai da bakuna. Ya ƙawata su da zane mai tudu da kwari, na layuka da da'irori da kusurwoyi, wanda ake fitarwa da hannu tun laka tana ɗanya. Saboda haka masana ke lissafa shi cikin masu sassaƙa, ba magina kawai ba.

Sunansa ya kai har ƙasar Bauchi. A zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim, ya gina Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, garin da ya zama garkuwa daga hare-haren Ningi, kuma a yau yake hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa. An gina shi wajen 1860, kuma a 1956 gwamnati ta sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa.

Labarin baka ya ce a Birnin Gwari ajalinsa ya sauka, inda sarkin garin ya sa aka kashe shi bayan ya kammala masa gini, don kada wani sarki ya sami irinsa. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sana'ar, kuma har yau akwai unguwar Babban Gwani a cikin birnin Zariya.

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon gini na siminti, wasu sassansa suka salwanta, amma babban ɗakin sallar yana nan a ciki. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin dalla-dalla, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Ginin laka yaɓe yake so bayan kowace damina. Daga Zariya har zuwa Azare da Gamawa, bulo da kwano na ta maye gurbin soro, masu iya ɗaura bakan gizo kuma suna raguwa. Idan babu magina da za su gaji sana'ar, babu mai gyara abin da Babban Gwani ya bari.